Wa ya ce maka kiɗan nan ba shi da mai shi?

Mai karatu, buɗe wayar ka ka duba. Mai atamfa a Kantin Kwari, mai turaren wuta, mai kayan kicin, kowa ya na da bidiyon talla a TikTok ko Instagram, kuma kowane bidiyo da kiɗan sa a ƙasa. Ka tambayi yaron da ya haɗa bidiyon inda ya samo sautin, sai ya ce maka, "Ai royalti-firi ne, Alhaji." Shi ke nan, wai an gama magana!

To, ba a gama ba. Kalmar "firi" ɗin nan ita ta ruɗe mu. Ba ta nufin kiɗan tsintuwa ne. Ma'anar ta kawai ita ce ba za ka riƙa biyan mai kiɗan wani kaso duk lokacin da aka kalli bidiyon ba. Amma kiɗan na sa ne, aro ya ba ka, kuma aro da sharaɗi. Wani sai ka biya sau ɗaya, wani kuɗin wata-wata. Kevin MacLeod, Ba'amurken da sautin sa ya cika YouTube, ya na bayarwa kyauta, amma dole ka rubuta sunan sa. Wani lasisin na Creative Commons kuma ƙarara ya ce ban da kasuwanci. Kai kuma me ka ke yi in ba kasuwanci ba?

Na san abin da za ka ce: "Ai a cikin manhajar na tarar da waƙar." Haka kamfanin lemon ƙara kuzari na Bang ya faɗa a Amurka. A 2022 wata kotun tarayya a Florida ta ce wannan ba hujja ba ce, ta same shi da laifin keta haƙƙin Universal Music a bidiyoyin TikTok fiye da ɗari. Izinin da TikTok ta samo na masu rawa da raha ne. 'Yan kasuwa rumbun kiɗan su daban ne tun 2020.

Kada kuma ka ce wannan dokar Turawa ce. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta ba mai abu damar neman a sauke kayan sa daga intanet. Kafin ma a je nan, na'urar YouTube ta gano sautin, ta toshe bidiyon ko ta karkatar da kuɗin tallar zuwa aljihun mai kiɗan. In gargaɗin keta haƙƙi ya kai uku cikin kwana 90, tashar da ka shekara ka na ginawa ta tafi.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne mu 'yan harkar fim. Wane irin kuka ne ba mu yi ba lokacin da 'yan satar fasaha su ka durƙusar da kasuwar kaset da sidi? Mun kira su ɓarayi, mun kai ƙara, mun yi Allah-ya-isa. (Karin waƙoƙin Indiya da mu ka kwasa kuwa, wannan mu bar shi sai wata rana.) Yau ga mu mu na yi wa 'yan kasuwa editin da gumin wani, har mu na karɓar kuɗin aiki. Ran da aka toshe shafin, Hajiya mai turare ce za ta yi asarar kwastomomin ta, edita kuwa ya kashe waya.

Saboda haka in an kawo maka bidiyo, kafin ka biya, ka ce a nuna maka takardar lasisin, ka duba ko ta yarda da talla, ka kuma duba da sunan wa aka yanke ta.