Ranar Hutun Mai Keke a Yamai

Wanda ya tuƙo keke daga Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, ya fi fasinjan mota sanin yadda Hausa ke sauyawa. Mota takan ratsa kare-karen harshe cikin yini guda. Mai keke kuwa sai ya roƙi ruwa ƙauye-ƙauye, yana jin "tahiya" da "shina" suna yawaita sannu a hankali, har ya kusanci Doso, "fofo" ta Zabarmanci ta tarbe shi. Taswirar aji tana shata waɗannan iyakoki da layi. Kunnensa bai ji layi ba.

Ranar da ya yada zango a bakin kogin Isa, ya kamata ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni su same shi da na'urar ɗaukar murya, kafin Hausar Yamai ta gauraya masa abin da ya jiyo.