Sanin Duniya: Daga Yamai zuwa Jidda, awa nawa ne?

Kowace shekara in alhazai sun komo gida, gardama takan tashi a gindin itace. Wani ya ce awa 5 suka yi bisa. Wani ya rantse awa 7 ne, shi da idonsa ya duba agogo. Jirgi guda suka shiga, kuma babu maƙaryaci cikinsu.

Tsakanin Yamai da Jidda, in an miƙe sak ba kwana, akwai wajen kilomita 4.000. Raƙumin da ke yin kilomita 40 a yini sai ya yi kwana 100 bai huta ba. Ga kuma Bahar Maliya a gaba, ba a ƙetare ta da ƙafa. Kakanni da suka bi ta Cadi da Sudan sukan yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙwadago don neman guzuri. Da yawa ba su komo ba, jikokinsu na nan Sudan har yau.

Babban jirgin sama yana yin kamar kilomita 850 cikin awa guda, yana tafiya wajen kilomita 10 bisa ƙasa. In an haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar takan ci awa 5 da ƴan kai.

To, ina mai awa 7 ya samo tasa? Daga rana. Jidda tana gabas, rana takan riga fitowa can. Saboda haka agogon Saudiyya yana gaba da na Nijar da awa 2. Jirgin da ya tashi Yamai ƙarfe 10 na safe, in ya yi awa 5, agogon hannun alhaji zai nuna ƙarfe 3. Amma agogon bangon filin jirgin Jidda ƙarfe 5 zai nuna. Wanda ya dubi na bango, shi ne ya ƙirga 7.

Wannan ba zancen gardama kaɗai ba ne. Alhajin da bai gyara agogonsa ba zai zauna yana jiran la'asar, alhali magariba ta kusa. Salula takan gyara kanta, agogon hannu kuwa sai an murɗa shi. Tsoho mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga ya tambayi likita tun a gida yadda zai yi da lokacin shan maganinsa. Kada ya sa maganin cikin babbar jaka, don ita ƙarƙashin jirgi take tafiya, ba ya ganinta sai an sauka.

Awa 5 ɗin ma ba kullum ba ce. A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samanta. Jiragen alhazai suka riƙa kewayawa, hanya ta ƙara tsawo. Haka kuma in jirgi ya yada zango wani gari.

Mutumin Damagaram kuwa, tasa wahalar a ƙasa take. Daga can zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, mota takan yini cur a hanya. Kafin ya ga filin jirgin Diori Hamani, ya riga ya yi zaman da ya ninka na cikin jirgi.