Waya Ba Ta Zama Malami: Magana A Kan Yaranmu Da Boko Ya Kayar



Shawara biyu ce ke yawo a unguwa kwanan nan game da yaran da karatun boko ya gagara. Ana jin su a bakin masallaci bayan sallar isha'i, ana kuma tura su a zaurukan WhatsApp. Ta farko cewa take a daina wahalar da yaro da zuwa aji, a saya masa babbar waya, ya yi makaranta ta intanet yana kwance a ɗaki. Ta biyu cewa take gwamnati ta daina zuba kuɗi a makarantunta, ta ba kowane uba rabon ɗansa a hannu, ya kai shi makarantar kuɗi da ransa ke so, wai haka ake yi a Amurka. Masu wannan magana ba maƙiyanmu ba ne, wasunsu ma 'ya'yanmu ne da suka yi karatu mai zurfi. Amma mun auna shawarwarin nan biyu, mun ga in aka bi su yadda ake faɗa, yaron da ake kukan a taimaka shi ne zai fara shan kashi.

A fara sanin yaran da ake magana a kansu. Ba 'ya'yan Maitama ba ne masu malamin lesin a gida. Samari ne 'yan shekara 14 zuwa 19 da muke gani kullum suna tura baro a Kasuwar Wuse, suna tare masu saye a bakin Banex, suna kai aike tsakanin 'yan canji a Zone 4. Akwai 'yan mata masu tallan awara da gyaɗa da suka bar aji tun ba su gama ƙaramar sakandare ba. Da yawansu daga Mararaba, Karmo, Gwagwa ko Dei-Dei suke shigowa da sassafe. Wani ya kai aji uku na babbar sakandare amma bai iya karanta takardar rasit ba. Wani ya zauna WAEC ya faɗi Turanci da lissafi, kunya ta hana shi komawa. A 2025 hukumar WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, daga baya ta ce an yi kuskure wajen maki, ta gyara zuwa kusan kashi 63. To ko da gyararren lissafin muka ɗauka, cikin kowane yara uku akwai ɗaya da ya dawo gida hannu rabbana. Ina wannan ɗayan yake zuwa? Kasuwa, wurinmu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma dole ne na shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta ware wa hukumar UBEC aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma jiha ba ta cin rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Shi ya sa shekara da shekaru ake jin biliyoyin naira na kwance a UBEC babu mai ɗauka. Sannan ku lura da inda dokar ta tsaya: a aji uku na ƙaramar sakandare. Saurayin da ya wuce nan ya yi tuntuɓe, dokar ba ta san da zamansa ba. Wannan shi ne ramin da yaranmu ke faɗawa, kuma shi ya kamata a cike.

To mu ɗauki shawarar farko, ta waya. Ba mu ƙi kwamfuta ba, kada wani ya ce liman ya haramta zamani. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, kuma a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ce WAEC da NECO ma can za su dosa. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba an riga an kayar da shi tun bai shiga ɗakin jarrabawa ba. Akwai kuma manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a Maris 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ce, kuma akwai darussa har da Hausa. Abu ne mai kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka yi shi.

Sai dai tambayar ita ce, wa ke iya karatu shi kaɗai? Babba ne mai manufa, irin ma'aikacin da ya yi rajista a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN da ke Jabi, ya san abin da yake nema, ya san nawa ya biya. Shi kuwa yaron da ya kasa fahimtar lissafi alhali malami na tsaye a kansa da alli, yaya za a yi ya fahimta in an bar shi shi da waya a ɗaki? Wayar da ke ɗauke da darasin ita ce ke ɗauke da TikTok da ƙwallon Turai da cacar wasanni. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ga kuɗin data, wanda hukumar NCC ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ga wuta, wadda a Karmo da Mararaba sai an kai waya shagon caji. Mun ga gwajin wannan a 2020 lokacin korona, da aka rufe makarantu wata da watanni aka ce a yi karatu ta rediyo da talabijin da waya. Kowane uba ya san 'ya'yan wa suka ci gaba da karatu, ya kuma san 'ya'yan wa suka shiga kasuwa ba su sake komawa aji ba.

Tunda Amurka ake kawo mana misali, to mu je Amurkan. A 2015 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Stanford mai suna CREDO ta auna ɗaliban makarantun intanet da gwamnati ke biya wa kuɗi, ta kwatanta su da takwarorinsu masu zuwa aji. Ta gano cewa a shekara guda 'yan intanet sun yi asarar kwatankwacin kwana 72 na koyon karatu da kwana 180 na lissafi. Shekarar makaranta a can kusan kwana 180 ce gaba ɗaya. Wato a lissafi tamkar ba su je makaranta ba sam. A jihar Ohio kuma akwai wata babbar makarantar intanet mai suna ECOT da ta rufe a Janairun 2018, tsakiyar zangon karatu, ta bar ɗalibai wajen 12,000 suna neman mafaka, bayan hukuma ta nemi ta dawo da kusan dala miliyan 80 da ta karɓa a kan yaran da ta kasa nuna cewa suna karatun. Wannan fa a ƙasar da ake da wuta dare da rana, ake da masu binciken kuɗi da haƙora. A nan da muka san ma'aikatan bogi, kuna zaton ɗaliban bogi za su yi wuyar ƙirƙira?

Shawara ta biyu ta fi daɗin ji, don kowa na son a ce kuɗi a hannunsa. Kuma gaskiya akwai dalilin fushi da makarantun gwamnati. Daga Maris zuwa Yulin 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomi shida na Abuja sun yi yajin aiki sama da wata uku a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yara na zaune a gida a babban birnin ƙasa, sai da Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya sa baki aka koma. Uban da ya ga haka ya ce a ba shi rabonsa ya tafi, ba za mu zarge shi ba.

Amma mu 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. In gwamnati ta raba abin da take kashewa a kan kowane yaro, nawa zai zo hannun uba? Ba zai biya ko zango ɗaya a makarantar kirki ta Wuse II ba. Mai hali zai karɓa ya cika da nasa, ya samu rangwame a makarantar da ɗansa yake tun da can. Haka ta faru a jihar Arizona da ta buɗe irin wannan tsari ga kowa a 2022, tana ba da wajen dala 7,000 kan kowane yaro: mafi yawan waɗanda suka fara karɓa dama ba a makarantar gwamnati 'ya'yansu suke ba. Shi kuwa talaka kuɗinsa zai kai shi makarantar ɗaki biyu a bayan gareji, ko irin cibiyoyin nan da ake kira mirakul santa, inda ake sayar da amsa a ba yaro takardar da bai iya karantawa ba. Sannan makarantar kuɗi tana zaɓen ɗalibi. Tana yin jarrabawar shiga, tana korar mai ja mata suna baya. Saurayi ɗan shekara 17 da ya faɗi sau biyu, wace ce za ta yi maraba da shi? Zaɓin ya koma hannun mai makaranta, uba kuwa sai kallo. Ita kuma makarantar gwamnati, wadda ba ta korar kowa, an janye mata kuɗi an bar ta da waɗanda kowa ya ƙi.

To me muke so? Mun yarda kuɗin gwamnati ya bi yaro. Amma ya bi shi zuwa gaban malami mai rai, wanda ya san sunansa, wanda zai tambaya in bai zo ba. Dukanmu da muka zauna a gaban malaman allo da na Islamiyya mun san ilimi daga baki ake karɓarsa, ana biya maka kana maimaitawa, ana gyara maka harafi. Littafi na nan tun da, bai taɓa kore malami ba. Waya ma littafi ce, iyakarta ke nan.

Ga abin da muke kira ga Sakatariyar Ilimi ta Abuja, da hukumar AMAC, da wakilanmu a majalisa su yi.

Na farko, a buɗe azuzuwan yamma. Gine-ginen makarantun gwamnati na Zone 3 da Tudun Wada a Zone 4 da sauransu suna nan bayan an tashi. A ba samarin kasuwa da 'yan mata masu talla aji daga bayan la'asar zuwa magariba, a biya malamai alawus na musamman, a fara daga inda yaro ya tsaya ko da baƙaƙe ne. Abuja na da hukumar yaƙi da jahilci, aikinta ne, a ba ta kuɗi ta yi.

Na biyu, a sa kwamfuta a cikin waɗannan azuzuwan, da hasken rana da intanet na gwamnati, a yi amfani da Learning Passport ɗin a ƙarƙashin idon malami. Nan ne intanet ke da amfani ga mai rauni.

Na uku, a biya wa mai maimaici kuɗin jarrabawa. Gwamnatin Kano ta daɗe tana biya wa ɗalibai kuɗin NECO, amma sai wanda ya ci kwalifayin, wato mai ƙarfi ake ƙara wa ƙarfi. Mu muna so a tuna da wanda ya faɗi: in ya halarci ajin yamma shekara guda, a biya masa WAEC ko NECO ta 'yan waje, ko NABTEB ga mai son sana'ar hannu, ko NBAIS ga wanda ƙarfinsa a Larabci yake.

Na huɗu, duk tallafin da za a ba iyali a ɗaura shi a kan zuwa aji. Shirin AGILE na Bankin Duniya, da aka amince da shi a 2020 don jihohi bakwai har da Kano da Katsina da Kaduna, haka yake ba iyayen 'yan mata kuɗi bisa sharaɗin yarinya na zuwa makaranta. A kuma biya makaranta ko malami a kan yaran da aka ƙirga da ido, kwamitin iyaye na unguwa ya sa hannu a rajista.

Saura ku, iyayen gida masu shaguna. Yaron da ke shagonku amana ne, ubansa daga Katsina ko Zariya ko Maraɗi ya damƙa muku shi. Sakin sa na awa biyu da yamma ba zai karya jari ba, kuma yaron da ya iya rubuta lissafi ribar mai shago ce. Ku kuma masu shirin sayen babbar waya don ku huta da zancen makaranta, ku ji tsoron Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ke tanƙwarawa. Kwamitocin masallatanmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su rubuta sunayen yaran da suka bar karatu, layi-layi, a kai takardar ofishin ilimi da sa hannun jama'a, a riƙa komawa har a gaji da ganinmu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a buɗe rajistar jarrabawa ta gaba ya kamata a ce an san yaro nawa ne, kuma wa zai koya musu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.