Bayani A Kan Tartsatsin Rana

Amma ba'du, ranar 3 ga Oktoba 2024 ta lissafin Turawa ita ce abin nufi. A ranar, bayan ƙarfe ɗaya na azahar, rana ta fid da wani tartsatsi wanda ba a ga kamarsa ba tun 2017. Nan take rediyon gajeren zango ya dusashe a sassan Afirka. Ya kamata malamai da fatake na Auyo da Haɗejiya su san haƙiƙanin wannan al'amari.

Ita rana wuta ce mai gudana, ba dunƙulen dutse ba. Tsakiyarta na kewayawa cikin kwana 25, gefunanta na sama da ƙasa kuwa sai kamar kwana 35. Saboda wannan saɓani, ƙarfin maganaɗisun da ke cikinta yakan murɗe, kamar igiyar kaba a hannun mai tufka. Inda murɗiyar ta tsananta sai baƙin tabo ya bayyana. In ta ƙure sai ta tsinke ta sāke haɗuwa, ƙarfin da ta tara ya fashe gaba ɗaya. Wannan shi ne tartsatsin. Yakan yawaita, kana ya ragu, duk kamar shekara 11.

Haskensa kan ci mil miliyan 93 cikin minti 8, ya dagula iskar sama wadda maganar rediyo ke tunkuya ta dawo ƙasa. Wani lokaci gajimaren wuta kan biyo baya cikin kwana ɗaya zuwa uku, shi ne mai ɓarna. A 1859, bayan Richard Carrington ya ga tartsatsi a Ingila, wayoyin tangaraho suka rikice. A Maris 1989 lardin Kubek na Kanada ya yi awa 9 ba lantarki.

To, hasarar ta na'ura ce, watau rediyo da tauraron ɗan'adam da wayoyin lantarki. Jikin mutum da dabba iskar duniya ta kāre su. Zafin bazara ba daga nan yake ba. Haka ambaliyar Kogin Haɗejiya, ruwan sama ne da na madatsun Tiga da Challawa. Saboda haka kada falke ya karyar da hajarsa don jita-jita, kada manomin fadama ya fasa shuka. Kuma a hana almajirai ƙura wa rana ido, domin yana makantarwa. Wallahu a'alamu.