Mai Lacca Da Mai Kula Da Na'urori

Ba a cika yin mako guda ba tare da an gabatar da lacca ko ƙasida a zaurukan jami'o'i da ma'aikatun gwamnati ba, ko kuwa a wurare irin su Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Mambayya a Kano. Sau da yawa taro yakan lalace alhali mai magana yana da ilmi isasshe. Abin da ya kawo haka shi ne bai yi shawara da ma'aikacin da ke kula da na'urorin zauren ba.

Wannan ma'aikaci shi ya san zaurensa. Ya san inda lasifika take, ya san igiyar da majigi ke karɓa, ya kuma san tsawon lokacin da janareta kan ɗauka kafin ya tashi in an ɗauke wuta. Saboda haka wajibi ne mai lacca ya neme shi tun kwana ɗaya kafin taro, ya sanar da shi abin da zai zo da shi. Tsofaffin majigi da yawa igiyar VGA suke karɓa, sababbin kwamfutoci kuwa HDMI ko USB-C gare su. In ba a tanadi mahaɗi ba, sai mahalarta su zauna suna kallon farin bango.

Masu rubutu da Hausa suna da wata matsala ta daban. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ sukan rikiɗe su zama 'yan akwatuna in kwamfutar zauren ba ta da irin rubutun da aka yi aiki da shi. Maganin wannan shi ne a mai da ƙasidar PDF, a ba ma'aikacin ya gwada ta a kan allo.

Ran taro kuma, ya kamata mai lacca ya iso aƙalla minti 30 kafin lokaci, a gwada makirufo da batirinsa. Ƙarar nan mai tsinka kunne tana faruwa ne in makirufo ya kusanci lasifika, sautin ya riƙa kewayawa tsakaninsu. In ma'aikaci ya nuna wurin tsayawa, to, a tsaya nan. Kada kuma a riƙa bugun makirufo ko hura masa iska.

Abin takaici shi ne yadda waɗansu manyan ma'aikata da malamai kan daka wa ma'aikacin tsawa a gaban jama'a da zarar an sami tangarɗa. Tsawa ba ta gyara na'ura, ruɗa mai gyaran kawai take yi. Abin da ya dace shi ne mai lacca ya riƙe kwafin ƙasidarsa a takarda, ya ci gaba da bayani har a gama gyara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibai da ma'aikata masu shirya taro su sa sunan mai kula da na'urori cikin kwamitin shiri, shugaban taro kuma ya ambace shi a jawabin godiya.