Wanzamin da ya fi basarake wayo, da muryar da bai kamata a taɓa ba

A daren 20 ga Fabrairun 1816, a gidan wasa na Argentina da ke birnin Rum, wani saurayi ɗan Italiya mai suna Gioachino Rossini, wanda bai cika shekara 24 ba, ya sha ihu daga 'yan kallo. Laifinsa shi ne ya ɗauko labarin da dattijo Giovanni Paisiello ya riga ya yi wa kiɗa tun 1782, magoya bayan dattijon kuwa ba su yafe masa ba. Yau da ƙyar ake tuna aikin Paisiello, amma "Wanzamin Sebiya" na Rossini ba ya sauka daga dandamali, daga Milan har New York. Sai dai wannan shaharar ta jawo masa raini. Masu shirya wasa da yawa sun ɗauke shi a matsayin abin ba da dariya kawai, wanda kowace murya za ta iya ɗauka, kowane darakta kuma zai iya juya shi yadda ya ga dama. Wannan kuskure ne, kuma yana zubar da abin da ya fi komai daraja a wasan.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa da waƙa, tare da ayarin makaɗa, kuma bisa al'ada mawaƙi ba ya amfani da na'urar ƙara sauti. Dole muryarsa ta ratsa ta kan goguna da sarewa da ƙahoni ta isa kujerar ƙarshe. A ƙarni na 18 manyan wasannin sun taƙaita ne ga sarakuna da jaruman zamanin da. Reshen barkwanci, wanda Italiyawa ke kira opera buffa, shi ya shigo da masu hidima, likitoci da lauyoyi. Tun a 1733 Pergolesi ya nuna a Naples ɗan gajeren wasa kan 'yar aikin da ta zama uwargida. Daga nan hadimi ya zama tauraro.

Babu hadimin da ya kai Figaro suna. Marubucin Faransa Beaumarchais ne ya ƙirƙire shi a wasanninsa na 1775 da 1784. Wanzamin Turai na wancan lokaci yana kama da wanzamin ƙasar Hausa, domin ban da aski yana fitar da jini daga jikin marar lafiya, kuma babu gidan da ba ya shiga. Saboda haka shi ke kai wasiƙa, shi ke ƙulla aure, shi ya san sirrin kowa. Duk wanda ya taɓa rubuta jawabin da wani zai karanta a sha masa tafi, ko ya tsara tafiyar da za a yaba wa maigida, ba sai an yi masa dogon bayanin Figaro ba.

A irin wannan wasa murya tana faɗin matsayi da shekaru da hali tun kafin a fahimci kalma ɗaya ta Italiyanci. Rossini ya ba basarake Almaviva muryar tena, wato siririyar muryar maza mai tashi sama, domin saurayi ne da soyayya ta kama. Figaro ya samu bariton, matsakaiciyar murya mai kusa da maganar yau da kullum, mai iya lanƙwasa kowane ɓangare. Likita Bartolo, tsohon da ke riƙon Rosina kuma yake son aurenta saboda dukiyarta, an ba shi kakkaurar murya ta bas, sannan aka tilasta mata furta kalmomi da gudun da bai dace da nauyinta ba. Nan dariyar take: babban mutum yana tuntuɓe da harshensa. Mawaƙin da ya ƙware ba ya bukatar yamutsa fuska ko faɗuwa daga kujera, kiɗan ya riga ya yi masa aikin. Abin lura kuma, a "Auren Figaro" na Mozart, wanda labarinsa ci gaba ne na wancan ko da yake ya riga shi fitowa da shekara 30, Almaviva ya yi aure, ya gundura da matarsa, yana farautar 'yar aikinta, muryarsa kuma bariton ce. Zaƙin samartaka ya tafi, isa ta maye gurbinsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a kan Rosina. Rossini ya rubuta ta ne domin Geltrude Righetti-Giorgi, mai muryar kwantaralto, mafi kauri a muryoyin mata. Da tafiya ta yi tafiya, manyan mawaƙa masu muryar sofrano suka ƙwace rawar, aka ɗaga waƙoƙin sama, aka cika su da ado. A wurin da Rosina ke karɓar darasin waƙa ma, irin su Adelina Patti da Nellie Melba sukan ajiye abin da Rossini ya rubuta su rera abin da ransu ke so. 'Yan kallo sun ji daɗi, babu musu. Amma Rosina ta koma kamar tsuntsuwa a keji mai kukan daɗi, alhali yarinyar da ke cikin labarin mai shiri ce, wadda ta riga ta rubuta wasiƙarta ta ɓoye tun kafin Figaro ya ba ta shawarar rubutawa. Muryar ƙasa mai ɗumi ita ke nuna cewa a bayan ladabin nan akwai taurin kai. Conchita Supervia 'yar Sifaniya ta fara dawo da ita wurinta a shekarun 1920, daga baya Teresa Berganza, Marilyn Horne da Cecilia Bartoli suka tabbatar da hakan. Aikin da Alberto Zedda ya yi a ƙarshen shekarun 1960, na komawa ga rubutun hannun Rossini, ya kankare ƙare-ƙaren da suka taru shekara da shekaru.

Masu goyon bayan sofrano suna da hujja. Mawaƙan zamanin Rossini su kansu sukan sauya waƙa ta dace da maƙogwaronsu, kuma Maria Callas ta rera Rosina da kaifin basirar da ba a raina shi. Gaskiya ne. Amma Callas ta yi nasara ne saboda tana da ƙasan murya mai duhu, kuma ta fahimci halin yarinyar. Abin ƙi shi ne a zaɓi mawaƙiya domin sunanta zai sayar da tikiti, sannan a yanka rawar daidai jikinta. Haka aka daɗe ana yi wa Almaviva: an yi ta datse doguwar waƙarsa ta ƙarshe saboda wuyarta, har masu kallo suka manta cewa sunan farko na wasan ma "Almaviva" ne. Sai da irin su Juan Diego Flórez ɗan ƙasar Peru suka riƙa rera ta aka tuna cewa a ƙarshe basaraken yana nuna ikonsa, kowa kuma yana yin shiru.

Mozart ya fi zurfi a wannan fage. An fara nuna "Auren Figaro" ranar 1 ga Mayun 1786 a Viyana, a lokacin da Sarki Joseph na Biyu ya hana nuna wasan Beaumarchais na asali. Lorenzo Da Ponte, wanda ya rubuta baitocin, ya cire zafafan kalaman siyasa, amma Mozart ya bar ƙorafin a cikin kiɗa. Susanna 'yar aiki da uwargijiyarta duka sofrano ne. Akwai wurin da uwargida ke shifta wasiƙa Susanna na rubutawa, sai muryoyin biyu su sarƙu har mai sauraro ya kasa bambance mai gida da mai hidima. A ƙarshen wasan sun yi musayar tufafi cikin duhun lambu, basaraken ya yi ta zuba wa matarsa kalaman soyayya yana zaton Susanna ce. Idan aka ɗauko mawaƙa biyu da muryoyinsu suka yi hannun riga, ko aka mai da Susanna 'yar rawar kai, an kashe wannan ma'ana baki ɗaya.

Batun shirya dandamali ya fi jawo cece-kuce, ko da yake ya fi sauƙin warwarewa. Wasu na ganin duk daraktan da ya cire gashin kanti da dogayen riguna na ƙarni na 18 ya ci amanar wasan. Ba lallai ba. A 1988 Peter Sellars ya mai da "Auren Figaro" wani bene na Trump Tower a New York, kuma tazarar da ke tsakanin attajiri da ma'aikatansa ta fito fili. Ma'aunin shi ne ko mai kallo zai gane wa ke da ikon korar wa. Wasan yana buɗewa ne da Figaro yana auna ɗakin da maigida ya ba su, yana murnar kusancinsa da ɗakin manya, Susanna kuma tana nusar da shi dalilin wannan alheri. Idan basaraken ya zama sakarai tun daga farko, babu abin tsoro, wayon Susanna kuma ya zama na banza. Haka waƙar Don Basilio a "Wanzamin Sebiya", inda yake koyar da yadda ƙazafi ke farawa da raɗa har ya kai ga rugurguza mutum. Rossini ya gina ta ne da sautin da ke ƙaruwa sannu a hankali. Daraktan da ya cika dandamali da masu tsalle-tsalle a daidai lokacin ya hana a ji abin da kowane ma'aikacin ofis ya san zafinsa.

Mai son gwada wannan magana da kunnensa zai iya neman fina-finai biyu na Jean-Pierre Ponnelle. Na farko shi ne "Wanzamin Sebiya" na farkon shekarun 1970, inda Claudio Abbado ya jagoranci makaɗan La Scala, Berganza ta fito a Rosina, Enzo Dara a Bartolo. Na biyu "Auren Figaro" na 1976, tare da Mirella Freni da Kiri Te Kanawa. Hermann Prey ne Figaro a duka biyun. A na biyun, ya kamata a saurari ƙarshen kashi na biyu, inda muryoyi biyu ke ƙaruwa har su kai bakwai cikin kusan minti 20 ba tare da kiɗa ya tsaya ba, kowa yana kare ƙaryarsa, ga mai kula da lambu ya shigo da tukunyar furen da aka fasa masa yana neman wanda ya diro ta taga.