Wanda Ya Yi Magana Daga Cikin Kurkuku

A wannan wata zancenmu zai kai mu nesa, har Jihar Alabama ta ƙasar Amurka, wurin wani fursuna mai suna Robert Earl Council.

An yanke wa wannan mutum ɗaurin rai da rai a kan laifin kisan kai, ba zan ɓoye muku ba. A 2013 shi da wani fursuna, Melvin Ray, suka kafa ƙungiyar neman gyara a gidajen yarin jihar. Kukansu shi ne cunkoso, da kashe-kashe tsakanin fursunoni, da dukan gandirobobi, da aikin da ake sa su yi ba ko kwabo. A Janairu 2014 suka shirya yajin aiki, suka kuma ɗauki hotuna da wayar hannu da aka shigo da ita a ɓoye, suka aika waje.

Sai hukuma ta jefa su ɗakin kaɗaici. Ku gane abin da ake nufi: ɗan ƙaramin ɗaki mai ƙofar ƙarfe, mutum shi kaɗai kusan dare da rana, abinci ma ta wata ƴar taga ake miƙo masa. Ba abokin hira, ba mai ce masa ina kwana. Likitoci sun daɗe suna faɗa cewa irin wannan zama yana taɓa hankali, yana hana barci, har ya sa wasu su nemi kashe kansu. Shi ya sa a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da ƙa'idodin da aka sa wa sunan Nelson Mandela, waɗanda suka haramta kulle mutum haka, awa 22 ko fiye a yini, har ya wuce kwana 15 a jere. Council shekaru ya yi a ciki. A 2016, daga ɗakin nan a gidan yarin Holman, ya yi hira da ƴan jarida ta waya; ba a daɗe ba aka ɗauke shi zuwa wani kurkukun.

Hukuma tana da hujjarta: doka ta hana fursuna riƙe waya. Gaskiya ne. Amma ni a ganina, in an toshe wa mutum duk ƙofar kai kuka, sa'an nan aka hore shi don ya bi ta taga, to, bakinsa ake so a rufe. Na tuna da Annabi Irmiya, wanda aka zura cikin rijiya mai laka saboda maganar da manya ba su so ji ba, sai da Ebed-melek mutumin Kush ya je gaban sarki kafin aka fito da shi. Ban ce Council annabi ba ne. Amma mai laifi ma yana iya faɗin gaskiya.

Ga kuwa abin da ya biyo baya. A Afrilu 2019 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da rahoton bincike, ta ce halin da ake ciki a gidajen yarin maza na Alabama ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. A Disamba 2020 ta kai jihar ƙara kotu. Wato abin da fursunonin nan suka sha wuya a kansa, shi ne gwamnatin tarayya ta zo ta tabbatar. A 2025 aka fito da fim mai suna The Alabama Solution, wanda aka haɗa da hotunan da su da ƴan'uwansu suka ɗauka da waɗannan wayoyi na ɓoye.